Gishirin da ya tsinka sabulun Yaya

Ranar Asabar ɗin da ta wuce da hantsi Yayata ta kira ni a waya, ko gaisawa ba mu gama ba ta ce, "Kai ɗan kemistiri, in kana gida dan Allah leƙo yanzu, sabuluna ya tsinke." Yaya sabulun ruwa take haɗawa a gida, na wanke-wanke da na wankin mota, tana ɗurawa a gorunan ruwa tana kai wa masu shaguna a nan Kurna da Rijiyar Lemo, kuma da shi take rufa wa kanta asiri ita da yaranta tun rasuwar maigidanta, to kun ga in aka ce babban baho guda ya lalace ba ƙaramin abu ba ne, jarin sati biyu ke nan.

Na je na tarar da ita a tsakar gida ta tsura wa bahon ido. Na sa muciya na ɗaga, abu tsululu kamar salala, kumfa kam akwai, ƙamshi akwai, amma kauri babu, kuma mai saye a garin nan kauri yake fara dubawa, zai karkata gorar ya ga yadda sabulun ke tafiya, in ya ga yana gudu sai ya ce an cika ruwa ko da kuwa yana wanki fes. Na ce Yaya me kika canza? Ta ce da can naitirosol take sawa, wannan karon da ta shiga Sabon Gari ta ji kuɗinsa sai ta sayo antisol tunda duk aikinsu ɗaya, kawo kauri. Sannan a wani gurup da suke ciki na mata masu sana'a an ce gishiri na ƙara wa sabulu kauri, sai ta narka gishiri gwangwani biyu a ruwan tun farko, kafin ma ta jiƙa antisol ɗin, da ta ga bai yi ba washegari ta ƙara wani.

Wallahi tana faɗin gishiri sai da gabana ya faɗi, don wannan abun dai shi ne ya kusa cinye min furojet ɗina na shekarar ƙarshe a jami'a. Ni a kan ƙaro na yi aiki, ita a kan antisol, amma maganar ɗaya ce, kuma tun ranar nake son in zauna in rubuta ta da Hausa yadda zan yi wa Yaya bayani, ba yadda muka haddace don jarrabawa ba.

Mu Hausawa muna da kalmomi uku da nake alfahari da su a nan. Akwai kauri, akwai danƙo, akwai yauƙi. Kunu yana da kauri amma ba shi da yauƙi. Miyar kuɓewa tana iya zama ba kauri sosai amma ka ɗaga ludayi ta biyo ka kamar zare. Ƙaro kuma danƙo gare shi, ya kama yatsa. Abin da masana ke kira biskositi shi ne na farkon, wato yadda ruwa ke turjewa in an ce ya gudana, ruwan famfo ba ya musu, man gyaɗa ya ɗan ja ƙafa, zuma kuwa sai ka jira ta. Kakata ba ta taɓa shiga aji ba amma ba za ta taɓa haɗa waɗannan ukun ba, kuma a kimiyyance ma abubuwa uku ne daban.

To me ke kawo kaurin? Sitaci, ƙaro, antisol, naitirosol, yauƙin kuɓewa da na kuka da karkashi, har robar bokiti da ledar fiyawata, duk dangi ɗaya ne, ana ce musu polima. Ku ɗauki carbi mai dubu irin na tsofaffi. Ƙwaya ɗaya ba komai ba ce, amma an jera su a zare sun zama abu guda mai tsawo. Haka polima take, ƙananan ƙwayoyi iri ɗaya ko kusan iri ɗaya sun riƙe hannun juna, ɗaruruwa, dubbai, wani lokacin dubban ɗaruruwa. Yanzu ka saki carbin nan a kan darduma, ai ba zai miƙe sambal ba, zai kwanta ne a cukurkuɗe, ya yi wani dunƙule wanda yawancin cikinsa fili ne. A cikin ruwa haka kowace sarƙa take, dunƙule sakwa-sakwa, kullum tana motsi tana canza kama, kuma ruwan da ya shiga tsakanin lauje-laujenta ya maƙale, duk inda ta yi da shi take tafiya kamar soson da ya sha ruwa.

Nan ne sirrin yake. A 1906 Einstein ya yi lissafin yadda ƙananan dunƙulallun abubuwa masu tauri ke ƙara wa ruwa kauri, ya gyara lissafin a 1911, ya samu lamba 2.5, ma'ana in ƙwallayen suka ci kashi 1 cikin 100 na wurin, kaurin zai ƙaru da kashi 2.5 cikin 100 kacal. Ɗan kaɗan ke nan, harshe ma ba zai ji ba. Amma ka zuba giram 1 na antisol a ruwa giram 100 ka bar shi ya kwana, ka ga abun da zai zama. Ba wai lissafin Einstein ya ƙi ba ne, a'a, sarƙar ce take cin wurin da ya ninka jikinta sau ɗari ko fiye, saboda ruwan da ta rungumo. Kenan kauri ba ya bin nauyin garin da ka zuba kawai, yana bin yawan filin da kowace sarƙa ta mamaye. Kuma filin nan ba tsayayye ba ne, yana faɗi yana tsukewa gwargwadon yadda sarƙar ke shiri da ruwan da aka sa ta ciki. Duk abun da zan faɗa gaba a kan wannan ya rataya.

A lab kayan aikinmu ba wani abin azo a gani ba ne. Bututun gilashi ne lanƙwasasshe mai ƙafa biyu, ana kiran sa da sunan Ostwald Bajamushe, a ƙafa ɗaya akwai ɗan kumburi da layi a samansa da layi a ƙasansa, sai siririyar hanya kamar ƙofar allura a ƙarƙashi. Ka zuƙo ruwan ya wuce layin sama, ka saki, ka danna agogo lokacin da ya taɓa layin farko ka tsayar lokacin da ya taɓa na biyu. Shi ke nan. Akwai ƙaninsa na Ubbelohde mai ƙafa uku, shi ya fi daɗin aiki don kana iya ƙara ruwa a ciki kana sirkawa ba sai ka juye ka wanke ba. Tushen lissafin kuma daga wani likita ne ɗan Faransa, Poiseuille, wanda a wajajen 1840 yake son gane yadda jini ke bi ta ƙananan jijiyoyi. A ce zallan ruwa ya ɗauki sakan 100, ruwan da aka narka polima ya ɗauki sakan 130, to ka raba ka samu 1.3, ka cire 1 saura 0.3, wannan 0.3 ɗin shi ne gudummawar polimar. Sai ka raba shi da yawan polimar da ke cikin ruwan, ka san abin da kowane giram ya kawo.

Amma fa ba a tsaya nan ba, kuma nan ne ɗalibai ke gajiya. Dole ka yi ta sirkawa, ka auna, ka ƙara ruwa ka auna, sau huɗu sau biyar, har abun ya zama kamar ba komai a ciki. Dalili? Ka shiga Kantin Kwari ana saura kwana uku Sallah ka ce za ka gane yadda mutum ɗaya ke tafiya, ba zai yiwu ba, kowa kafaɗar wani ce ke tura shi. In kana son sanin takun mutum sai ka same shi shi kaɗai a titi bayan asuba. Sarƙoƙin nan in sun yi yawa suna gogar juna suna sarƙewa, abun da ka auna ya zama na cunkoso ne. To sai mu zana giraf, mu ja layi baya zuwa inda yawan polima ya zama sifili, inda layin ya sauka shi ne kaurin asali na sarƙar ita kaɗai ba maƙwabci, ana rubuta shi da harafin Girka eta, ana auna shi da mililita a kan giram. Ku lura da ma'aunin, mililita a kan giram, wato fili nawa giram ɗaya ya ci. Maurice Huggins na Amurka ne ya tsara lissafin layin nan a 1942, kuma gangarar layin ma magana take yi, akwai wata lamba da ake fitarwa daga ciki, in ta faɗo wajen 0.3 zuwa 0.4 to polima da ruwan suna ɗasawa, in ta haura 0.5 ta yi sama to sarƙoƙin sun fara fifita junansu a kan ruwan.

Har yau wannan abu yana ba ni mamaki. Abun da ido ba ya gani, madubin likita na asibiti ma ba ya gani, amma da bututun gilashi da agogo da haƙuri ka san ko a miƙe yake ko a takure. Ikon Allah.

Haƙurin dai shi ne jarin. Kaurin zallan ruwa a digiri 20 kusan 1.0 ne a ma'aunin da muke amfani da shi, a digiri 30 ya sauka 0.80, a digiri 40 ya koma 0.65, kusan kashi 2 cikin 100 ke zubewa a kowane digiri ɗaya. Yanzu ku tuna Kano a watan Afrilu, abun da ka auna ƙarfe tara na safe da wanda ka auna bayan azahar ba za su taɓa haɗuwa a layi ɗaya ba. Shi ya sa ake nutsa bututun a cikin tankin ruwa mai riƙe zafi wuri ɗaya, kuma da an ɗauke wuta aikin ranar ya tafi. Na fara nawa cikin hunturu, sai ga wata masifar, ƙura. Ɗan silin ƙura ɗaya ya shiga siririyar hanyar nan lokaci ya ƙaru ba dalili. Dattijon da ke kula da lab ɗin, Allah ya saka masa da alheri, shi ya ce min, "Ɗana, tace komai sau biyu, ka rufe bakin bututun ko minti ɗaya za ka fita, kuma kar ka yarda da awon da ba ka maimaita sau uku ba." Ban taɓa samun wannan a littafi yadda ya faɗa min ba.

Yanzu maganar shiri tsakanin sarƙa da ruwa. In na ce ruwa a nan ba lallai na sha ba, duk abu mai gudana da ake narka wani abu a ciki nake nufi, fetur, sifirit, tina ta masu fenti. Kowa ya san farin soson nan da ke zuwa cikin kwalin talabijin ko firji, sunansa polistirin. Ka jefa shi a randa ya shekara ba abun da zai same shi, ya fi son kansa a kan ruwa nesa ba kusa ba. Amma ka tura shi cikin fetur ya narke ya zama danƙo, har mutane na liƙe yoyon kwano da shi. Ka sa shi a toluwin kuwa, wani ruwa dangin tina, ya narke tas ya baje. Baƙo ne, in ya sauka gidan da ake maraba da shi zai cire hula ya miƙe ƙafa ya ci tabarma guda shi kaɗai, in kuwa ya ga fuska ba sakewa sai ya takure a gefen zaure. Sarƙar da ta samu ruwan da take so kowace ƙwaya tata ta fi son ruwa ya kewaye ta, sai dunƙulen ya kumbura, kauri ya hau. In ruwan bai yi mata ba sai ƙwayoyin su juya wa ruwan baya su manne da juna, dunƙulen ya tsuke, kauri ya faɗi, in abun ya yi tsanani su tattaru su kwanta a ƙasa. Polima ɗaya, nauyi ɗaya, amma kaurin asalinta zai iya ninkawa biyu ko fiye saboda kawai an canza mata masauki.

Akwai wata tsaka-tsakiya da Paul Flory ya yi bayani, wanda ya samu kyautar Nobel a 1974, ana ce mata yanayin tita. A nan son bajewa da son takurewa sun yi kunnen doki, sarƙar ta kwanta kamar ba ruwanta da kowa. Misalin da kowane ɗalibi ya sani shi ne polistirin a cikin saikuloheksen, wani ruwan narka abubuwa na lab, a digiri 34.5. Ni in na ga lambar nan Kano nake tunawa, zafin da muke wucewa kafin azahar a bazara ke nan. Sama da shi sarƙar ta fara sakewa, ka yi ƙasa da shi da 'yan digiri in sarƙar doguwa ce ka ga ruwan ya fara dushewa kamar an ɗiga madara, ka ɗumama ya sake washewa.

Daga nan aka samu hanyar sanin tsawon sarƙa da agogo. Hermann Staudinger na Jamus shi ne ya tsaya kai da fata tun 1920 cewa waɗannan abubuwa dogayen sarƙoƙi ne na gaske, lokacin manyan masana na ganin tarin ƙananan abubuwa ne kawai da suka manne, wasu har suna ce masa ya je ya tace kayansa da kyau zai ga ba haka ba ne. A wajajen 1930 ya nuna kauri na tafiya da tsawon sarƙa. Ya ɗan kuskure, shi ya ɗauka sarƙoƙin a miƙe suke kamar kara, amma asalin maganarsa ta tabbata kuma ya karɓi Nobel a 1953. Waɗanda suka gyara lissafin su ne Herman Mark da Houwink ɗan Holan da Sakurada ɗan Japan, suka ce kaurin asali daidai yake da wata lamba K sau nauyin sarƙar an ɗaga shi zuwa wani iko da ake kira a. Wannan ƙaramin a ɗin shi ne mai ba da labari. A yanayin tita 0.5 ne. A ruwan da sarƙa ke so yana kaiwa 0.7 zuwa 0.8. In sarƙar mai tauri ce ba ta lanƙwasuwa sai ya wuce 1. A aikace, ka ninka tsawon sarƙa biyu, a yanayin tita kaurin asali ya ƙaru sau 1.4, a ruwa mai kyau ya ƙaru kusan sau 1.7. Har gobe kamfanonin robar gorar ruwa da wannan awon suke rarraba kayansu.

To ƙaro fa? Na zaɓe shi ne don namu ne, daga jikin dakwara yake fita, Jigawa da Yobe da Borno suna da shi, Sudan ta fi kowa a duniya, kuma ina yaro a makarantar allo da hannuna na sha jiƙa shi ina haɗa tawada. Ƙaro abun mamaki ne a cikin dangi. Nauyin sarƙarsa guda ɗaya dubban ɗaruruwa ne a ma'aunin masana, amma kaurin asalinsa bai wuce wajen mililita 20 a kan giram ba, alhali irin su antisol suna kai ɗaruruwa. Dalili shi ba carbi mai zare ɗaya ba ne, rassa gare shi, reshe a kan reshe kamar ƙaya, a dunƙule yake tun asali ba shi da tsawon da zai baje. Shi ya sa za ka narka shi har kashi 40 cikin 100 yana gudana, ka gwada haka da antisol ka ga ko muciya za ta juya. Kuma shi ya sa ya dace da tawada, tana sauka daga bakin alƙalami ba gardama amma ta riƙe baƙin ta zauna a allo da sheƙi. Malamanmu da suka zaɓi ƙaro ba su zaɓi sitaci ko kuɓewa ba, sun san abun da suke yi. Masu lemon kwalba ma shi suke nema, in ka ga E414 a jikin kaya to ƙaro ne. Ka ɗiga masa sifirit mai yawa kuwa nan take ya yi fari ya ware, an canza masa masauki ke nan.

Inda na sha wuya shi ne giraf ɗina ya ƙi miƙewa. Maimakon layi ya gangaro a hankali yayin da nake sirkawa, sai ya lanƙwasa ya yi sama, kamar ina ƙara ruwa kowane giram yana ƙara ƙarfi. Sati uku ina wanke bututu ina zargin ƙura ina zargin hannuna. Ranar da na kai wa malamina ya duba sai ya ce, "A wane ruwa ka narka?" Na ce tataccen ruwa Malam, wanda ba komai a ciki. Ya ce, "To ai shi ne. Je ka narka a ruwan gishiri, ka yi sirkin ma da ruwan gishirin." Na yi, layi ya miƙe sambal.

Ga abun da ke faruwa. Ƙaro yana ɗauke da cajin lantarki a jikinsa, caji iri ɗaya a wurare da yawa, kuma caji iri ɗaya korar juna suke kamar maganaɗisu biyu da aka juya. A zallan ruwa ba mai shiga tsakani, sai kowane sashe ya ture ɗan'uwansa, sarƙar ta buɗe iya buɗewa, kana ƙara sirkawa tana ƙara buɗewa. Da gishiri ya shigo sai ƙwayoyinsa masu kishiyar caji su yi wa sarƙar rumfa, sassan su daina jin juna, ta koma ta lafa. Ni a lab lafawar nake nema don in samu awo mai kyau. Yaya kuwa buɗewar take saye da kuɗinta.

Don antisol ɗin nan asalinsa selulos ne, abun da ke jikin auduga da itace, aka maƙala masa 'yan kunnuwa masu caji don ya narke a ruwa, danginsa ne ake sawa a man goge baki da askirim. Doguwar sarƙa ce ba rassa, saboda haka cajin ya fi yi mata aiki fiye da ƙaro nesa, kaso mai tsoka na kaurinta daga wannan turereniyar yake. Ka narka gishiri a ruwan tun kafin ta shiga, ba za ta ma warware yadda ya kamata ba. Naitirosol shi ma daga selulos yake amma ba caji a jikinsa, gishiri bai cika damun sa ba. Mai shago ya ce mata duk ɗaya ne, a ido ɗaya ne, farin gari da farin gari, amma a cikin ruwa halinsu ya bambanta.

Kuma matan gurup ɗin ba ƙarya suka yi ba, wannan ya kamata in faɗa. Gishiri na kawo kauri a sabulun da aka yi da teksafon, wato sinadarin da ke kawo kumfa da wanki wanda yake cikin haɗin Yaya ma, sai dai ta wata hanya ce daban, ƙananan ƙwayoyin sabulun ne ke jeruwa su zama kamar tsutsotsi dogaye su sarƙe. Shi ma yana da iyaka, kauri ya hau ya hau ya kai ƙololuwa, ka ƙara cokali ɗaya ya rikito. Yaya ta haɗa biyun, ta danne antisol kuma ta wuce ƙololuwar teksafon. Abun da ke ci min rai shi ne yadda ake karɓar kuɗin mata a koya musu haɗin nan kamar karatun haddar, cokali kaza na wannan gwangwani kaza na wancan, ba mai ce musu ga aikin kowanne, to ranar da kasuwa ta tilasta canza abu ɗaya sai komai ya rushe kuma ba su san ta inda za su kama ba. Mu da muka karanta abun ma da laifinmu, mun bar shi a takardar jarrabawa.

Muna cikin wannan Umma ta fito daga ɗaki, da ma ta zo wuni, ta saurara ta saurara sai ta ce, "To ai kamar kuɓewa ne, ka sa mata kanwa ta yi yauƙi, ka sa mata tsami ta mutu." Na ce Umma wallahi kin gama magana. Yauƙin kuɓewa dogayen sarƙoƙi ne dangin fektin, wata polima da ke jikin 'ya'yan itatuwa, su ma da 'yan kunnuwan asid a jikinsu. Kanwa na taimaka wa sarƙoƙin su fito daga jikin kuɓewar kuma tana sa kunnuwan nan su ɗauki caji, sarƙa ta miƙe. Tsami na kashe cajin, ta lafa. In kuma aka bar ta tana ta tafasa sarƙoƙin ne ke gutsurewa, kuma mun riga mun ga abun da gajarta ke yi wa kauri, wannan kam ba ya gyaruwa don ba mai ɗinke su. Zaren da ke bin ludayi kuwa, sarƙoƙin ne aka ja suka miƙe suna turjiya, shi ya sa ɗan kaɗan ya isa ya ba da yauƙi ko da miyar ba ta yi kauri ba.

Bahon dai ba mu zubar ba. Na ce ta jiƙa naitirosol kaɗan daban, ta sake haɗa rabin baho sabo ba gishiri ko ƙwaya, sannan muka riƙa sirka tsohon a ciki kaɗan-kaɗan har gishirin ya rarrabu. Bai dawo kamar na da ba amma ya shiga kasuwa.

Kafin in tafi na aiki ɗanta kemis ya sayo sirinji babba guda biyu, muka cire allurar da abun turawar, muka ɗaure ɗaya a jikin ƙusa a tsaye. Kofi uku muka haɗa masu ruwa-ruwa, antisol a ruwan leda, antisol a ruwan gishiri, naitirosol a ruwan gishiri, muka bar su suka jiƙu, da yamma na dawo. A toshe bakin da yatsa, a cika zuwa layin 20, a saki, a danna agogon waya har ya sauka layin 5. Ita ta riƙe wayar da kanta. Na ruwan gishirin ya riga na ruwan ledar sauka da tazara mai yawa, naitirosol kuwa ya tsaya kusan inda muka sa ran zai tsaya. Ta maimaita sau uku ba tare da na ce ta yi ba, sannan ta ce in kawo biro.

Yanzu akwai wani tsohon littafin lissafin yaranta da ta mayar na sana'a, kowane haɗi tana rubuta kwanan wata, da ruwan da ta yi amfani da shi ko na famfo ko na 'yan garuwa, da sakan nawa ya ɗauka, kuma na ce ta riƙa awon lokaci ɗaya kullum, da safe kafin rana ta buɗe. Jiya ta turo min saƙo wai ruwan rijiyar maƙwabtansu mai zartsi ya ba ta sakan ƙasa da na famfo da antisol iri ɗaya, tana tambaya ko shi ma gishirin ne. Na ce ta ajiye min gora ɗaya na ruwan, sirinji na biyun yana jakata, ranar Litinin zan shiga da su aji uku na babbar sakandare tare da ƙullin ƙaro daga Kurmi da busasshiyar kuɓewa da Umma ta daka min.